'Yan Tamaular Kwarin Maje

Asabar, shida ga watan Ƙaramar Sallah, 1414, bayan la'asar

Bismillahi. Ni Umaru na Kwarin Maje nake wannan rubutu, da ɗan ajamin da na samu a makarantar allo kafin a cire ni a kai ni gona. Boko ban yi ba, ban kuma yi da na sani ba. Na ɗauki alƙalami ne don yanzu babu mai barina in kai ƙarshen magana.

Yau Malam Dauda, malamin firamarenmu, ya tara samari a gindin darbejiya. Wai ma'aikatan ruwa na Tiga sun sa kofi, kowane gari ya kawo 'yan tamaula goma sha ɗaya, mu kuma da Dangora aka haɗa mu, nan da sati uku. Ina gefe ina ɗinkin koma, ban sa baki ba, sai da na ji ya ce za a rubuta Lamba Uku a bayan riguna.

Na ce, "Lamba Uku sunan gari ne ko sunan buhun taki?"

Shekara ashirin ke nan da ruwan Tiga ya ci garinmu. Aka kwaso mu a manyan motoci aka sauke mu nan, aka kafa allon ƙarfe a bakin titi. Akwai na ɗaya, akwai na biyu, mu ne na uku. Aka ce na wucin gadi ne kafin a raɗa suna. Jaririn ya yi gemu, har yau ba a yanka ragon ba.

Dauda ya ce, "Baba Umaru, yaran nan a nan aka haife su. Kwarin Maje yanzu tarwaɗa ce ke kwana a cikinta."

Suka yi dariya. Na bar su suka gama. Na ce in dai ina numfashi, ba za a kai 'ya'yan garinmu gaban jama'a da lamba a baya kamar shanun gwamnati ba. Muka yi ta ja. Da ya gaji ya ce, "To Baba, mu yi haka. Kai ka zaɓi 'yan wasa, ka jera su, mu shiga da sunan Kwarin Maje. In mun ci Dangora, ni da hannuna zan goge allon bakin titi in rubuta sunan. In an ci mu, ka bar mana Lamba Uku, ka kuma daina tare yara a hanya kana tambayarsu su 'yan ina ne."

Ya zaci zan ja da baya. Na ce na yarda, liman shaida ne.

Ƙafata ba ta taɓa taɓa tamaula ba. Amma ni nake jera maza a gayya tun Dauda bai san hannun damarsa ba.

Tasalla ta ci tuwo kaɗan.

Lahadi, da hantsi

Ta sake ɗaure ƙullin.

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Tasalla matata ce, tun ina saurayi muke tare. Tun bayan damina ta fara tambaya: "Malam, nan ina ne?" In ce gida ne. Ta ce, "Kai dama ka iya rarrashi." Sai ta tambayi wani. Na hana kowa a gidan nan faɗin lambar, har Furera matar ɗanmu Balarabe ta saba, tana cewa, "Kwarin Maje ne, Inna." Amma ba ta yarda da 'yan gida. Tana tsayawa a bakin zaure ta tambayi mai tallan gyaɗa, ta tambayi mai wucewa a keke. Ga kuma yaran mota a bakin titi suna ta ihun Lamba Uku, Lamba Uku, tun safe. Sai ta ce, "To, mun daɗe a garin mutane. A yi musu godiya, mu za mu koma." Ta ɗaure zannuwanta da ƙaramar tukunya da tsintsiya, ta nufi gabas. Gabas kuwa ruwa ne.

Lafiyarta lau. Kewar gida ce kawai.

Talata, bayan azahar

Na share ƙasa a inda muke dara, na ɗebo tsakuwa goma sha ɗaya. Dauda ya tsuguna ya zana mini filin: nan raga, nan 'yan baya, nan 'yan tsakiya, nan 'yan gaba. Na ce ashe gayya ce, sunan kawai suka sake.

A gayyar garinmu kowane gida da wurinsa, ba a saɓawa. Maharba ne kan gaba, su ke fasa kunyar farko. Maƙera a gefe da gefe, don ba su san gajiya ba. Mahauta a tsakiya, surutunsu ke mantar da mutane zafin rana. Gidan Mai Ƙofa kuma can baya, duk abin da ya kuɓuce wa jama'a su ke tare shi. Da haka muke gama gonar da wasu garuruwa ke kwana biyu a kanta.

Sai na fara jera iyayensu da kakanninsu, waɗanda na sani. Bala maharbi a gaba, mutumin da ya bi gada da ƙafa har ta kwanta masa. Bawa Mai Ƙofa a raga, wanda ya tare kura a bakin kafi ba sanda a hannunsa. Na jera su duka, na ja baya na duba. Wallahi da waɗannan ne, ko Kano ba ta isa ba. Sai da na ji Dauda ya ce, "Baba, kuka kake yi?" Na ce hayaƙin bandar kifi ne.

Daga nan aikin mai sauƙi ne. Kowace tsakuwa na ɗaga, in sa jikan mai ita. Bala ƙarami, wanda ya ci sunan kakansa, a gaba. Zailani jikan Bawa a raga.

Dauda ya dafe kai. Ya ce, "Baba, Bala tela ne, wuni yake a kan keken ɗinki. Zailani kuwa ko lemo ka jefa masa sai ya kauce."

Na ce jini ba ya ɓata.

Alhamis, da almuru

Samari sun kewaye rediyo a shagon Bala, wai 'yan ƙasarmu na buga wasa a ƙasar Larabawa. Na zauna don in ƙaru. Mai maganar yana ta ihu kamar an kama ɓarawon akuya. Abin da na fahimta ɗaya ne: mai tsaron raga shi kaɗai aka yarda ya sa hannu. To ai shi ke nan. Hannun gidan Bawa kamar faifai yake.

Asabar, bayan la'asar

An yi gwaji da 'yan ajin ƙarshe na firamare. Yara ƙanana, wasu ko wando mai kyau babu.

Ba zan rubuta yadda aka tashi ba.

Filin ne ba daidai ba, yana da gangara.

Lahadi, da hantsi

Dauda ya zo har zaure, ya gaishe ni da ladabi, ya zauna ƙasa. Na san da magana.

Ya ce, "Baba, sauran duk na haƙura, zan gyara su yadda zan iya. Raga kawai nake roƙo. Akwai Dikko, yaron rugar nan ta bayan fadama. Na ga yara suna jifan mangwaro yana caɓewa kafin ya taɓa ƙasa, da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da sanda. Ɗan maraƙi a guje yake kamawa. A ba shi raga."

Na ce, "Ɗan wane gida ne a Kwarin Maje?"

Ya ce, "Baba, Bafillace ne."

Na ce, "To ka ba kanka amsa."

Ba ƙin Fulani nake ba. Mun zauna da su lafiya, kowace kaka shanunsu a gonata suke kwana su bar mini taki. Amma baƙi ne, su zo su tafi. In na sa baƙo ya tsare mini ƙofa, ko mun ci ba Kwarin Maje ce ta ci ba.

Dauda ya ce, "Sunan kake so ko jerin?" Na ce duka biyun. Ya tashi ya tafi, sallamar ma a ciki-ciki.

Talata, da azahar

Zafi. Ruwa ya ja baya sosai bana. Balarabe ya ce daga cikin kwalekwale ana hango kan kukar dandalinmu. Na ce kada ya faɗa a cikin gida.

Furera ta ɓoye ƙullin a bayan randa. Tasalla ta ɗaure wani da ɗankwali.

Alhamis, bayan la'asar

Na je kasuwa sayen zaren koma, na yi karo da Ubale. Taubashina ne, tare muka yi kaciya. Da aka tashe mu shi bai zauna a nan ba, ya bi dangin matarsa Dangora, yanzu ya fi 'yan garin zama ɗan gari. Tun daga nesa ya fara.

"Kai, koci! Ku ba koci hanya! An ce ka tono matattu za su buga mana?"

Na ce, "Matattunmu sun fi rayayyunku. Kai da ka sayar da garinku a kan tuwon surukai."

"Tuwon da daɗi, Umaru. Ka zo da buhu ranar, ka kwashe ƙwallayen da za mu zuba muku."

Muka sha fura tare, shi ya saya. Da za mu rabu ya rage murya ya ce, "Yaya mai ɗakin naka?" Na ce lafiya lau. Ya dube ni. Na ce zaren nan ya yi tsada. Ya ce haka ne, komai ya yi tsada.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Balarabe ya tare ni a zaure. Bai zauna ba.

Ya ce, "Baba, ni kullum ina kan ruwa, Furera ga goyo ga girki. Shekaranjiya a bakin gonar albasa aka tsinto Inna. In ta sake kaiwa bakin ruwa, zan kai ta Kano wurin Yaya A'isha. Gidansu da ƙofar ƙarfe, kuma babu ruwa kusa."

Na ce, "Uwarka ba akuya ba ce da za a kulle."

Ya ce, "Gara in kulle ta da in tsamo ta a koma."

Ban mare shi ba. Ya yi girma, kuma idonsa ya yi ja.

Na ce ya ba ni zuwa ranar wasa. In aka sake allon, yaran mota za su sake kira, mai talla zai sake amsa. Ta tambayi duk wanda ta ga dama. Ya ce, "Baba, kana ganin tamaula ce za ta warkar da ita?" Na ce wa ya ce ba ta da lafiya?

A Kano wa za ta tambaya? Wa ya taɓa jin sunan a can?

Asabar, da asuba

Ban yi barci sosai ba. Na sake jera tsakuwar. Daidai suke.

Litinin, bayan la'asar

Yanzu kullum ina bakin fili. Bala ya fara gudu, ba laifi, sai dai in ya kai ƙarshe sai ya dafa gwiwa yana kiran sunan Allah. 'Yan gidan maƙera sun yi kyau, duk wanda ya zo wucewa sai ya ji a ƙwaurinsa. Mahauta suna surutu yadda ya kamata.

Zailani na sa aka yi ta buga masa. Yaron kirki ne, ba ya musu. Amma da ƙwallo ta taso sai ya rufe ido ya juya mata kafaɗa. Na ce, "Kai, kakanka kura ya kalla ido cikin ido!" Ya ce, "To Baba." Aka sake bugowa, ya sake rufewa.

Na hango yaron rugar nan a jikin darbejiya, ya harɗe ƙafa a kan sanda yana kallo. Ƙwallo ta fita ta yi wajensa da ƙarfi. Bai ko sauke ƙafar ba ya kama ta, ya miƙo. Na yi kamar ban gani ba.

Laraba, da almuru

Yau ta kai ruwa.

Ina fili. Furera ta shiga wanka. Da aka farga babu Tasalla babu ƙullin. Ban san da wace ƙafa na isa fadama ba. Ina kiran sunanta a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba.

Sai ga su suna tahowa ta hanyar shanu. Dikko a gaba da ƙullin a kansa, ita tana riƙe da ƙarshen sandarsa, zaninta jiƙe har gwiwa. Hira suke yi. Dariya ma take.

Ya durƙusa ya ce, "Baffa, na kai shanu shan ruwa na same ta ta shiga. Na ce ta zo in raka ta ta hanyar tudu, ta nan akwai laka."

Ita ce ta yi magana. Ta ce, "Malam, ba ka gane shi ba? Ɗan Kyauta ne. Dubi kunnen."

Na ce wace Kyauta.

Ta ce, "Kyauta matar Ardo mana, da suka sauka a gonarka kakar da za a tashe mu. Naƙuda ta kama ta ta kawo mini nono. A ɗakina ta haihu. Ni na yanke masa cibi, ni na binne mahaifarsa a bayan rumbunmu, wajen lallen nan. Shi ne autan garin, bayansa ba a sake haihuwar kowa ba."

Matar da ba ta san ko ta ci abincin rana ba.

Na tambayi yaron. Ya sunkuyar da kai ya ce haka innarsa take faɗa, wai shi cibiyarsa tana ƙarƙashin ruwa, shi ya sa shanunsa ba sa jin tsoron dam.

Ni na san kowace kunya a garin nan, na san wanda ya haƙa kowace rijiya, na san iyakar kowace gona. Wannan ban sani ba. Abin bayan rumbu na mata ne, ba a faɗa mana.

Cikin goma sha ɗayan da na jera, babu ko ɗaya da aka binne mahaifarsa a Kwarin Maje.

Balarabe ya dawo ya ga zanin a kan igiya. Ya fita neman direba.

Alhamis, da hantsi

Dauda ya ji labari, ya zo da saurinsa. "Baba, ka ga Allah ya kawo mana mafita. Ɗan gari ne, ka ba shi raga."

Na ce ɗan gari ne, na yarda, a ba shi riga. Amma raga ta gidan Mai Ƙofa ce. Na riga na je na faɗa wa uwar Zailani, ta yi guɗa, ta ce yau an tuna da gidansu. In koma in ce mata me? Dikko ya zauna a gefe, in an buƙace shi a kira shi.

Dauda ya ce, "Baba, kai fa da kanka za ka kayar da sunan nan."

Na ce ba a sake jerin gayya ranar gayya.

Juma'a, da la'asar

Bala ya gama ɗinka rigunan, kore, an rubuta sunan a baya da farin fenti. Ba na karanta boko, amma na sa yatsa na bi shi. Dogo ne. Ya fi lambar cika baya.

Balarabe ya ce motar Juma'a mai zuwa. Ya ce ko an ci ko ba a ci ba. Na ce mu ga gobe.

Asabar, ashirin da bakwai ga wata, bayan magariba

Filin Tiga ya cika, har a kan katanga. 'Yan Dangora sun zo da mota biyu da kalangu. Ubale yana gaba da sabuwar hula.

Mai lasifika, wani ma'aikacin ruwa da ban taɓa gani ba, ya ɗaga murya ya ce, "Dangora za ta kara da Kwarin Maje!" Ya maimaita. Tun da aka sauke mu daga motocin nan ban ji sunan a bakin baƙo ba. Tsofaffinmu da suka zo, na ga wasu suna gyara zaman hula, wasu suna kallon ƙasa. Na ce a raina ko yanzu aka tashi na samu wani abu.

Da an tashi ɗin.

Ta farko daga nesa aka bugo ta, Zailani ya rufe ido. Ta biyu ta tsakanin ƙafafunsa. Ta uku ya fito da niyyar kirki, ya yi karo da ɗan gidan maƙera, suka zube tare, ƙwallo ta wuce a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Ta huɗu ban gani ba, ina kallon takalmina.

'Yan Dangora suka samo waƙa, kalangu yana amsawa: "Kwarin Maje, Kwarin Maje, ruwa ya ci ku, mu ma mun ci ku!" Duk filin ya ɗauka, har yaran da ke kan katanga.

Da aka busa hutu, yaranmu suka zube a ƙasa, babu mai kallon wani. Zailani ya taso ya zo gabana. Ya cire rigar, ya ninke ta, ya durƙusa. Ya ce, "Baba, ka yafe mini. Kakana ya tare kura, ni ban gada ba. Tun ran farko na so in faɗa, na ga kana murna."

Na ce ya tashi. Na ce kakansa ma sau ɗaya ya tare kurar, kuma ya yi sati yana zawo. Wannan gaskiya ne, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yaran suka fashe da dariya, har shi.

Na karɓi rigar na miƙa wa Dikko. Ya cire malfarsa ya ba ni in riƙe masa.

Abin da yaron nan ya yi, sai wanda ya gani. Ta sama ya kama, ta ƙasa ya kama. Aka ba su bugun fenariti, ya tsaya yana kallon mai bugun kamar yadda yake kallon saniya mai niyyar ɓallewa, ya san inda za ta tun ba ta motsa ba. Ko ɗaya ba ta sake shiga ba. Can kusa da tashi ƙwallo ta daki Bala tela a gwiwa yana tsaye yana haki, ta faɗa ragar Dangora. Na ce wa Dauda, "Ka gani? Jini."

Huɗu da ɗaya.

Na je na sami Dauda a gaban liman na ce alkawari ya tabbata. Allo ya zauna yadda yake.

Malfar tana wurina, ya manta.

Lahadi, da hantsi

Ban fita ba.

Litinin, da azahar

Wani yaro ya wuce ta ƙofar gida. Bakina ya buɗe da kansa zan ce kai ɗan ina ne. Na rufe.

Ta tambaye ni sau ɗaya. Na ce gida ne. Ta ce na iya rarrashi.

Talata, bayan la'asar

Furera ta wanke kayan Inna tana ninkewa a jaka. Tana yi tana share ido da gefen mayafi. Na fita na zauna a inda muke dara. Tsakuwar suna nan, awaki sun watsa su.

Balarabe ya dawo daga kai kifi Tiga ransa a ɓace. Wai tun da ya sauke kwando masu saye suke ce masa, "A'a, mutanen Kwarin Maje! Kifin ma huɗu-huɗu za ka ba mu?" Har ya kusa yin faɗa.

Laraba, da hantsi

Ina zaure na ji yaron mota a bakin titi: "Kwarin Maje sha-huɗu! Akwai mai sauka Kwarin Maje?" Fasinja suna ta dariya. Na ɗauka kunnena ne. Mota ta biyu ma haka.

Tsiya suke mana. Na sani.

Amma na matsa da tabarmata kusa da ƙofa.

Laraba, bayan la'asar

Samari sun taru a gindin darbejiya, ban je ba, muryoyinsu nake ji. Dauda ya zo daga baya. Ya ce yaran sun ƙi a sake riguna. Wai duk inda suka shiga da sunan ake tsokanarsu, in suka koma Lamba Uku za a ce sun gudu. Da sunan da aka ci su, da shi za su rama baɗi.

Na ce, "Ni dai na cika alkawari, ban tare kowa ba."

Ya ce, "Allo yana nan yadda yake, Baba. Sai dai babu mai karanta shi." Ya ƙara da cewa, "Amma baɗi ni zan jera."

Na ce sai dai mu jera tare. Ya ce Allah ya kiyaye.

Alhamis, da la'asar

Gobe motar.

Muna tsakar gida. Tasalla na zaune a bakin ɗakinta, ƙullin a cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu. Balarabe yana ɗaure jaka. Sai muka ji ƙararrawar keke a waje, da muryar da na sani tun muna yara. Ubale ne, ya taso tun daga Dangora a wannan zafin don kawai ya ci mini fuska. Ya tsaya a ƙofar zaure ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji, ya maƙe ta kamar ta baƙo:

"Salamu alaikum! Jama'a, don Allah tambaya nake. Nan ne Kwarin Maje?"

Na yunƙura zan tashi in rama. Kafin in buɗe baki, ta riga ni.

Ta ce, "Nan ne. Shigo."

Ubale ya shigo da sauran tsiyarsa a baki, ya gan mu tsaye kamar an dasa mu, ya haɗiye ta. Ta dube shi, ta dubi ƙullin da ke cinyarta kamar ba ta san wanda ya ɗora mata shi ba. Ta kwance. Ta ciro tsintsiyar ta share inda zai zauna. Ta ce wa Furera, "Ke, baƙo ya sha hanya, kin tsaya kallonsa? Kawo ruwa."

Ubale ya zauna. Bai ambaci huɗun ba har ya tafi. Wannan ma sai na rubuta, don ba a taɓa yi ba.

Juma'a, da hantsi

Direba ya zo. Balarabe ya fita suka yi magana, motar ta juya. Ya ce mini ba fasawa ya yi ba, dubawa zai yi. Na ce duba.

Ban ce ta warke ba. Dama ban ce ba ta da lafiya ba.

Ƙaramar tukunyar tana kan murhu. Da safe ta leƙa zaure, mai tallan ƙosai na wucewa, na zaci tambayar za ta yi mata. Ta kira ta, ta sayi na baƙo, wai ko zai dawo.

Anjima zan kai wa Dikko malfarsa. Zan tambayi uwarsa ta wane gefen lallen ne aka binne mahaifar.